Kainuwar da Kawu Ya Turo Mana

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, ana ta murna a Birnin Kudu, mu kuwa a gidanmu ba a ƙara dariya ba har rani ya fita. Duk sanda na ji warin ruɓaɓɓiyar ciyawa a bakin ruwa ita nake tunawa, kuma har yau raina yana ɓaci, Allah Ya yafe mini.

Rafi ɗaya muke sha da ƙauyen su Kawu, yayan Inna, da ke sama da mu ta wajen Gwaram. Idan damina ta ja baya, kainuwa takan rufe ruwan ruf, ga ledojin kasuwa da suka fara yawa a lokacin sun sarƙe a saiwarta. Abin da muka gada shi ne gayya: mu je mu taya su tsamo tasu a jibge a tudu ta bushe, su ma su zo mana. Ba a tura ta gaba. Wanda ya tura wa na ƙasa ya ci amana.

Mu mun je. Baba ya wuni a ruwa har ƙirji, matsattsaku suka sha jininsa. Ranar tamu gayyar Inna ta dama kunu tulu guda, ba wanda ya zo. Ashe ruwan ƙarshe ya sake tara musu wata, suka sa gora suka ingizo mana ita. Ta toshe bakin magudanar lambunmu. Ni da Baba muna ja, wata tana sauka, har irin albasarmu ya ƙone muna kallo. A wannan ranin, sai da aka sayar da akuyar Inna muka ci tuwo.

A kasuwar Sara Baba da Kawu suka haɗu. Kawu ya ce, "Haba Malam, ruwa ne ya tafi da ita. Ni na ce masa ya gangara?"

Baba ya ce, "Ruwan ne ya riƙe gorar? Ba albasa nake nema ba, Yaya. Ina bin ka wuni ɗaya a cikin ruwa."

Daga nan ko gaisuwar Salla ta yanke. Inna ta daina ambaton ɗan'uwanta a gaban Baba.

Kwanan baya na ji a rediyo wai ƙasashen bakin teku suna haɗa kai su sa ido kan ciyawar da ke mamaye musu gaɓa da tarkacen roba, kowa ya sanar da maƙwabcinsa abin da ke tafe. Allah Ya sa su riƙe alkawari. Mu da muke salla a sahu ɗaya mun kasa. Yanzu gayyar ta mutu, kowa da injin ban-ruwansa, leda ta fi kifi yawa a rafin, kuma kowa turawa yake yi gaba ko kunya babu.

Sai da na yi aure Kawu ya zo, gemu fari fat. Bai shiga gida ba. Ya tuɓe riga ya faɗa ruwa tun hantsi yana tsamo mana kainuwa. Baba ya zauna a tudu, bai ce masa sannu ba. Da la'asar Kawu ya fito yana rawar ɗari, ya ce, "Na biya?"

Baba ya nuna da baki. "Saura can gindin giginya."

Ya koma ya tsamo. Sannan Baba ya miƙa masa hannu, ya ce da ni, "Je ka gaya wa uwarka yayanta ya zo."