Sunan Ɗan Fari

Ni ne da laifi, ba yaron ba. Na daɗe ina cewa zaman Malesiya ne ya ɓata shi, alhali ƙarya nake yi wa kaina.

Ni ɗan fari ne, kuma har mahaifina ya rasu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce min, ko "yaron nan". Kunyar ɗan fari ce, haka gidanmu ya gada. Abin bai taɓa yi min ciwo ba, domin akwai kakata Iya. Da damina, in an sauke tuwon dare, takan jera mana masara a garwashin murhu, ta jawo ni jikinta ta ce, "Habibu maigidana, matso. Ga tatsuniya nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da masara."

Akwai wadda take yawan yi mana, ta wani manomi mai gida a bakin rafi. Duk itacen da ya dasa sai ya girma, bai taɓa zuba masa ko moɗa ɗaya ba. Da ya yi ƙaura zuwa kan tudu, ya dasa mangwaro ya tafi harkarsa. Maƙwabta suka ce ya riƙa ba shi ruwa, ya ce su a gidansu ba a ba itace ruwa. Da ganye ya fara zubewa, sai ya ɗauko sanda yana dukan itacen, wai taurin kai ne da shi. Mukan yi ta dariya. Iya ba ta dariya, sai dai ta juya masara ta ce, "Bai san rafi ne yake yi masa aikin ba."

Ni tela ne, karatuna bai wuce sakandare ba. Matata Maryam ce ta samu tallafin karatu, na biyo ta Kuala Lumpur da yara biyu, muka kama gida a unguwar Wangsa Maju. Da aka yi kullen korona, babu makaranta, babu masallaci, babu zuwa gidan kowa. Mu huɗu ne a ɗakuna biyu, safe da yamma. Ƙaramar, Hanan, kullum tana kan cinyata ina kiran sunanta. Babban kuwa, "kai, miƙo min almakashi", "kai, rage ƙarar nan".

Sai ya daina cin abinci tare da mu. In na yi magana ya amsa da Turanci a taƙaice, ya shige ɗaki. Na ce raini ne. Na yi faɗa, na ƙwace wayar da yake darasi da ita, wata rana har na ɗaga masa hannu.

Maryam ce ta same ni a bakin keken ɗinki. Ita tun zuwanmu ta ajiye wannan kunyar. Ta ce yaron ya tambaye ta ko in jirage sun fara tashi za a iya mayar da shi Kano wajen wanda yake son sa. Ta yi masa bayanin al'ada, ya ce to me ya yi min da har sunansa nake ƙyama.

Sai a lokacin na gane mahaifina ya iya yin shiru ne saboda gidan cike yake da masu kiran sunana. Ni na ɗauko shirun na kawo inda babu kaka, babu gwaggo, babu kawu, kuma ina dukan yaro saboda yaushin da ya yi.

Bayan la'asar na ƙwanƙwasa ƙofarsa. Yana zaune a ƙasa, ya juya baya. Na zauna kusa da shi.

Na ce, "Nasiru."

Ya waigo yana kallona kamar baƙo.

Na ce, "Nasiru, ba ka yi min komai ba. Ni ne ban kyauta maka ba. Ka yafe wa Abbanka."