Ya Shiga ko Ya Fito?

Kawuna, yayan mahaifiyata, gyaran talabijin ya koya tun yana saurayi. Da shi ya yi aure, da shi ya riƙe ƙannensa. Da sababbin talabijin suka shigo, irin waɗanda in sun lalace sai dai a yar, ya rufe shago ya sami aiki a jami'a, a sashen da ake nazarin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aka ba shi kula da ɗakin kallo.

Ɗakin ƙarami ne, a ƙarshen baranda, ba shi da taga. A da, duk wanda zai ga hoto da zurfinsa sai ya sa wani tabarau mai nauyi, kuma Kawu ne mai goge su da ɗaure waɗanda suka karye. Daga baya aka kawo sabon allo da ba ya buƙatar tabarau. A fuskarsa akwai siririn gilashi mai layi-layi da yake raba hoto gida biyu, ɗaya ya tafi idon dama, ɗaya idon hagu. A samansa kuma akwai 'yar kyamara da take neman idanun mutum ɗaya ta bi su. In ka tsaya a gabansa, sai gutsuren dutsen da aka ɗauki hoton cikinsa ya taso ya tsaya a iska, ka ga ƙananan ramukan da ruwa yake bi, wannan a kusa, wancan can ciki.

Kawu ya ɗauki son duniya ya ɗora wa allon nan. Shi ya manna farin salatef a ƙasa, daidai inda ya fi kyau a tsaya. Shi kuma ya ƙirƙiro gwajin da ya jawo masa suna. Wayoyi biyu ne suke tafiya daga kwamfuta zuwa allon, kamarsu ɗaya sak. In aka musanya su hoto yana fitowa tsaf, amma zurfin ya juye, rami ya koma tudu. Don haka Kawu ya ɗauki hoton kofin shayinsa ta sama, sau ɗaya daga dama, sau ɗaya daga hagu. Kowace safiya shi yake fara ɗorawa. In cikin kofin ya shiga cikin allo, komai daidai ne. In ya kumburo waje, an yi kuskure. Tun daga nan kowa a sashen yake ce masa Mai Kofi.

Abokin aikinsa, wani mai tabarau da ake kira Dogo, bai taɓa barinsa ya huta ba.

"Na'urar da aka ɗauko a jirgin sama, ka rasa abin da za ka zuba mata sai kofinka? Ko wankewa ba ka yi ba, ga kantar shayi nan har shugabarmu Farfesa tana gani."

"Kai da aka ƙara maka gilashi a kan idon ma me kake gani?" in ji Kawu. "Agogon tashi daga aiki kawai."

Na zo sashen yin digiri na biyu, na same su a haka. A gida Kawu yana ce mini Shiru, a wurin aiki kuma sai ya ce Malama Shiru, wai don girmamawa. Wata safiya ya kira ni.

"Malama Shiru, zo in gwada iliminki. Tsaya kan farin nan. Ya shiga ko ya fito?"

"Ya shiga, Kawu."

"To, kin ci."

Washegari ma ya gwada ni. Ran da ba na nan, na ji ya gwada Dogo, har Dogo yana cewa shi ya gama makaranta tuntuni. Sai na lura ya daina tsayawa kan salatef ɗin da kansa. Na lura kuma in zai sauka bene sai ya laluba matakala da ƙafa, in zai buɗe ɗakin kallo makulli yakan daki gefen kwaɗo kafin ya shiga.

Ranar wata Asabar na je gidansa. Ya ɗauki buta zai zuba mini shayi, ya tsiyaya shi a gefen kofi, yana ta magana bai sani ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce, "Malam, tebur ya ƙoshi, sai ka ba baƙuwa." Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma da na bi ta kicin da tsumma na tarar ta dafa bango tana kallon ƙasa.

"Hawan jinin ido ne," ta ce. "Na hagun ya tafi, likita ya ce jijiyar ta mutu, ba ya dawowa. Maganin da yake ɗigawa na tsare na daman ne. Ga idon nan garau kamar na kowa, shi ya sa ba wanda ya gane."

Kawu ya ji mu. Da zan tafi ya rako ni bakin titi, abin da bai saba ba.

"Shiru, allon nan na mai ido biyu ne. In Farfesa ta sani, ba ta da yadda za ta yi, dole ta fitar da ni daga ɗakin. Ni kuwa ban da inda na iya zama sai can. Ki dinga duba mini kofin kawai, sauran aikin hannuna ya san shi."

Na ce to. Muka ci gaba a haka har tsawon wani lokaci, shi yana gwada ni, ni ina ci.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga wata cibiyar bincike, a ga ko za a haɗa aiki. Farfesa, shugabar sashenmu, ta sa a sake fentin ɗakin kallo. Masu fenti suka zare komai. Alamar da Kawu ya manna wa wayoyin nan biyu ma suka ɓamɓare ta, don sun ɗauka datti ne. Da safen ranar Kawu ya mayar da kaya shi kaɗai, saboda an aiki Dogo ɗebo kujeru, ni kuma an tura ni ƙofa tarbar baƙi. Suka iso da wuri, Farfesa ta wuce da su ɗakin kai tsaye.

Muna shiga, ga kofin a kan allo, ga Kawu tsaye a gefe.

"Mai Kofi, mun shirya?" in ji Farfesa.

Ya neme ni da ido. Ina can baya a bakin ƙofa, mutane sun tare ni, kuma daga can ba a ganin zurfi. Ya juya wurin Farfesa.

"Mun shirya, ranki ya daɗe."

Ya ɗora hoton dutsen. Farfesa ta tsayar da babban baƙon a kan salatef, ita tana gefe tana bayanin hanyoyin da ruwa yake bi ya gangara ciki. Mutumin ya karkata kai, ya sake karkatawa.

"Ki gafarce ni, Farfesa, ni ƙuraje nake gani sun taso. Ina ramukan?"

Ta karɓi wurin, ta duba, ta ce a dawo da kofi. "Ya fito," ta ce a hankali. Kawu ya durƙusa bayan kwamfuta ya musanya wayoyin. Aka ɗan yi dariya, aka ci gaba, baƙi suka ga abin da suka zo gani.

Bayan sun tafi ta ce mu tsaya, ni da shi da Dogo. Ba faɗa ta yi ba.

"Kai ka koya mana gwajin nan, kuma kofin yana gabanka da muka shigo. Tsaya kan farin, ka gaya mini."

Kawu ya taka ya tsaya. A kusurwar allon akwai ƙaramin hoton da kyamara take nunawa, fuskarsa ce, da ɗigo kore biyu, ɗaya a kan kowane ido. Ya daɗe yana kallo. Dogo ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga.

"Ranki ya daɗe," in ji Kawu, "kofi dai nake gani."

Ba a kore shi ba. An mayar da shi sito a ƙasan bene, inda ake ajiye duwatsun da aka ɗebo daga rijiyoyi, aka ba Dogo makullin ɗakin kallo. Dogo bai goge hoton kofin ba, da shi yake gwaji har yanzu, sai dai ya daina maganar kantar da ke ciki. Wani lokaci yakan sauka sito ya tsokani Kawu, wai an ba shi mulkin duwatsu, amma Kawu sai ya yi murmushi kawai, ba ya ramawa, Dogo kuma ya koma sama.

Nakan sauka wurinsa da rana. Nakan same shi zaune tsakanin akwatuna, da gutsuren dutse a hannu, yana bin ramukansa da babban yatsa. Bai sake hawa benen ba. Rannan ya tambaye ni ko salatef ɗin yana nan, na ce gefensa ya fara tashi.

"Ki ce wa Dogo ya sake mannawa, kada ya matsar da shi ko kaɗan." Sannan ya ce, "Kin ga kyamarar nan ranar? Har yanzu ido biyu take ba ni."

Ya jawo kofin daga kan akwati, ya sa yatsa a bakinsa don ya san inda yake, ya kawo bakin butar shayi har ya taɓa yatsan, sannan ya fara zubawa.

"Yau ya shiga?"

"Ya shiga, Kawu."

"To," ya ce, ya miƙo mini kofin, ya ɗan wuce hannuna ta hagu.