Ranar da Zuwaira Ta Ƙi Buɗe Hannu

Har yau ban taɓa mantawa da ranar liberasiyon Zuwaira ba. Ku da kuka zo shagon nan daga baya ba ku san ta ba, to ku ajiye almakashi ku ji.

Liberasiyo bikin yaye mai koyon sana'a ne. A nan Kwatano yarinya takan yi shekara uku ko huɗu a hannun uwar ɗakinta. Ranar yayewa a kafa rumfa, iyaye su zo, shugabannin ƙungiyar teloli su zo. Yarinya ta durƙusa ta buɗe tafin hannu, uwar ɗakin ta ɗan buge shi da rula, bugun ƙarshe ke nan, sannan ta ɗora mata almakashi da difulom, wato takardar shaidar gama koyo. Daga ranar ba ta sake zama kan keken shagon.

Zuwaira 'yar wani mai fataucin shanu ce a nan Zongo. Da lisans ɗinta, wato digirin jami'a, ta zo mini, bayan ta gaji da hawan zemijan, acaɓar garin nan, daga ofis zuwa ofis, kowa na ce mata za a kira ta. Hannunta a ɗinki kuwa, tubarkallah! Amma duk sanda na ɗauko zancen yayewa sai ta ce, "Hajiya, a bari sai bayan Sallah." Sallah ta wuce, ta ce wata Sallar. Sai da mahaifinta ya sa baki aka tsayar da rana.

Wata Asabar ce. Ta durƙusa gabana cikin farin leshi, na ɗaga rula. Yarinyar nan ta dunƙule hannu gam.

Shugaban ƙungiya ya yi gyaran murya. Mahaifinta ya sunkuyar da kai. Na duƙa na ce, "Ke, lafiyarki ƙalau? Jama'a fa na kallo."

Ta ce a hankali, "Hajiya, na taɓa karɓar takarda irin wannan, aka yi ta guɗa. Washegari na tashi ba ni da wurin zuwa. Litinin ina zan je?"

Kai, maganar ta soke ni! Wallahi da son raina zan bi, da na ce a naɗe tabarmi, ta zauna wurina har tsufana. Amma ban yi mata ƙarya ba. Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Ni ma ranar tawa ban sani ba. Amma ina zan ɗora almakashin nan, hannu a dunƙule?"

Ta dubi almakashin. Sannan ta buɗe, tafin duk zufa. Na buga, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin fuskarta.

Litinin da safe sai ga ta a bakin ƙofa. Kekenta na nan a lulluɓe. Ta dube shi, na dube ta. Na daure na ce, "Maraba da baƙuwa." Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi, ta juya.

Yanzu tana da ɗan shagonta a unguwar Fidjrossè, yau da ciniki gobe babu. Sai in yi wata biyu ban sa ta a ido ba, kuma ina kewarta ƙwarai.

Abin da sana'ar nan ta koya mini ke nan: yanka da ɗinki kowa ya iya koyarwa, sakin wanda ka koya wa ne da wuya. Ku ma ranarku na zuwa, kuma zan buga. Amma har gobe in zare ya ƙi shiga allura, sunanta nake fara kira.