Gubar da Inna ba ta zuba ba

Shekarun baya, lokacin soja na riƙe da ƙasa, ciwon ciki ya kama mahaifina a garinmu Gaya, bakin iyaka. Loma biyu ta tuwo sai ya ce ya ƙoshi. Ya rame, yana aman wani abu baƙi. Wata bakwai ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku baffana, ƙanen mahaifina, ya miƙe gaban jama'a ya nuna mahaifiyata. "Ita ke ba shi abinci, ita ta san abin da ta zuba masa. Ko ta bar gidan nan, ko in kai ta wajen jandarma."

A zamanin nan wanda ya faɗa hannun masu kaki, ba a tambayar ranar fitowarsa. Inna ta dube ni. Ni kuwa, ƙaton direban kamiyo, babbar motar kaya, mai cika baki a tasha, na sunkuyar da kai. Da motata na tsallaka gada da ita zuwa Malanbil, ƙetaren iyaka, wajen ƙanwarta. Da za ta sauka ta ce, "Kai ma ka yarda?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri magana ta lafa." Can ta rasu bayan shekara biyu.

Daga baya baffa ya kwanta da irin ciwon, ni na kai shi asibiti a Yamai. Lokotoro ya gama bincike ya ce sankarar ciki ce. Ya tambaye ni ko an taɓa irin wannan mutuwa a danginmu. Na ce kakana, gwaggona, mahaifina. Ya ajiye biro. Ya ce akwai sinadarin da ke gyara ƙwayoyin halittar mutum idan sun sami tangarɗa, a wasu gidaje ana gadonsa da rauni, sai ciwon ya yi ta bin jini.

Na ce, "Ba guba ba ce?"

Ya ce, "Wace guba?"

Baffa na kwance yana ji. A hanyar dawowa, da muka wuce Doso, ya juyo gare ni. Ya ce, "Ka riƙa nema mini gafarar Innarka a addu'a."

Na ce, "Baffa, ni wa zai nema mini?"

Yanzu ina zuwa a duba cikina, ina kai 'ya'yana. Dangi kan ce baffa ne ya zalunci Inna. Shi aƙalla ya yarda da abin da ya faɗa. Ni ko sau ɗaya ban zarge ta ba, tsoro ne ya rufe mini baki. Wannan kam ban gada wajen kowa ba.