Hantsakin Baba da Tsohuwar Hauyarsa

Shekarun baya, da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Karare, ba gona ce ta haɗa ni faɗa da yayana ba. Hantsaki ne. Irin na dā ɗin nan na cire ƙaya: hantsaki da tsinke da 'yar aska, duka a zobe ɗaya. Da shi Baba yake cire mana ƙaya muna ihu yana dariya.

Yaya ya ce shi ne babba. Na ce ai ƙafata ta fi tasa sanin ƙarfen. Kun san ni, bakina ba ya jiran izini. Da ya gaji sai ya ce a kai maƙera a yanke zoben, kowa ya ɗauki rabonsa. Na bi shi har Batsari ina masifa a bayan babur.

Tsohon maƙerin ya jujjuya abin a hannu, ya ce nasa mahaifin ne ya ƙera shi, sai da aka zura ukun sannan aka haɗe bakin zoben a wuta, shi kam ba zai yanke ba. Sai ya tambaya ko marigayi bai bar wani ƙarfe da ya ƙare ba. Yaya ya ce akwai hauya da ta cinye, ta koma kamar cokali.

"Ku kawo ta in ƙera muku wani. Ke kuma ɗiyata, ki huta da faɗan nan, wutata ta ishe ni zafi."

Ranar aikin ina tsugune a bakin rumfa. Ana zuga, ƙarfen ya yi ja, ya tsaga shi, ya buge ya miƙar, ya lanƙwasa hantsakin, ya tsoma a ruwa. Ya gwada bakin da gashin hannunsa bai kama ba, ya mayar wuta. Na yi ta kallon hauyar da ta ciyar da mu tana sake kama.

Da ya gama ya jera su a kan buzu, tsoho da sabo. Yaya ya kau da kai.

"Zaɓi, uwar rigima."

Na kai hannu kan tsohon. Sai idona ya faɗa kan ƙafafun Yaya, duk faso, irin na Baba sak. Shi ke shiga gonar har yau, ni ina Safana cikin takalmi. Na ɗauki sabon. Amma sai da na gaya masa in ya ɓatar da wancan, kada ya sake taka ƙofar gidana.

Har yanzu in mun haɗu sai ya zaro nasa ya ce shi ne na asali. Ni kuma in ce nawa ne ya yi noman da ya ci ya girma. Ba wanda ya taɓa yarda a cikinmu, kuma ba na fatan mu yarda, don a cikin wannan musun ne kaɗai muke zancen Baba ba tare da kuka ba.