Dakta Abdurra'uf, Sun Zo Neman Na'urarka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 9 ga Fabrairu 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Abdurra'uf Sha'aibu, likitan dabbobi a Gumel, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Dakta, duk wanda ke kai shanu karar Maigatari ya san ka da babur ɗinka da baƙar jakar nan mai na'urar hoton ciki. Kafin zuwanka, wasu dillalai ne masu hukunci. Mutum zai ɗan latsa cikin saniya, ya taɓe baki, ya ce juya ce, ba ta haihuwa. Makiyayi ya sayar da arha, su kuma su kewaya bayan kara su sayar da ita a matsayin mai ciki. Wai su a nan wayo ne. Tir!

Ba zan manta ranar da na rako Addata, wato babbar yayata, daga Sule Tankarkar da farar saniyarta ba. Dillali Dogo ya rantse har da kama gemu cewa juya ce. Ka sa safar hannu, ka duba ta, ka juyo mana da allon. Ga zuciyar maraƙi tana bugawa. Ka ce, "Adda, koma da abinki gida." Nonon wannan saniyar jikokinta ke sha yanzu. Tun daga ranar su Dogo suka sa maka suna "mai talabijin ɗin shanu", suna tofar da yawu in ka wuce. Kai kuwa sallama kake yi musu.

To, ga su a sahun gaba wurin jana'izarka, an ci manyan riguna, ana matsar ido. Ranar sadakar uku kuma Dogo ya aika cikin gida, wai a sayar masa da na'urar ya ajiye don tunawa da kai. Tunawa! Mutumin da ko kunna ta bai iya ba. So yake ya jefa ta ƙarƙashin gado, ya koma latsa ciki. Ya san matarka Sharifa, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi, ta iya aiki da ita, amma ya ga ta shiga takaba, ba za ta taka kasuwa ba. Kunya dai ba ta wadaci bawan Allahn nan ba.

Daga bayan labule ta ba da amsa: "A gaya wa Alhaji Dogo, takaba ni ta hana fita, ba ta hana saniya shigowa ba."

Jiya Laraba, jajibirin kasuwa, shanu ne ɗaure a ƙofar gidanka har bakin masallaci. Addata ce ta fara shigar da tata.

Allah Ya jiƙanka, Dakta, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Sharifa da 'ya'yanka da makiyayan ƙasar Gumel haƙurin rashinka. Su Dogo kuma, Allah Ya shirye su. Amin.