Saƙon da Baƙo Soja Ya Riƙe

A wani ƙauye na bakin fadama, gabas da Kirikasamma, an yi wani tsoho ana ce masa Baƙo Soja. Masunci ne ɗan masunci, kuma da an bar shi da gorarsa da komarsa, da har ya mutu bai san duniya ta wuce Haɗeja ba. Sai yaƙin Jamus ya zo, Turawa suka nemi samari. Dagaci ya nuna shi, ya nuna amininsa Zarami, wanda matarsa Mairam ke da tsohon ciki. Aka aske musu kai, aka ba su bindiga, aka kora su Kamaru.

Ba harsashi ne ya kashe Zarami ba. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi a gindin wani dutse, kwana shida ya cika a kan cinyar Baƙo. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Kai za ka faɗa wa Mairam, kada ta ji a bakin wani." Baƙo ya haƙa rami, ya naɗe shi a bargon soja, ya rufe shi.

Bayan shekara uku aka sallame shi. Tun daga Kano yake shirya maganar a bakinsa. Da ya isa ƙofar gidan, Mairam ta fito da lalle a hannu, 'yar yarinya na riƙe da zaninta, uwar tana ta leƙen bayansa.

"Sannu da hanya," in ji ta. "Ina abokin naka?"

Mutumin da ya tsaya gaban igwa, sai ga shi ya kasa kallon mace guda. Ya ce, "Yana tafe. An tura su gabas, sai an sallame su."

Nufinsa gobe ya faɗa. Goben nan ce ta kai shekara talatin da biyar.

Manema suka yi ta zuwa, 'yan'uwanta suka matsa a je gaban alƙali ya raba auren. Mairam ta kafe, ta ce Baƙo ya ga mijinta da idonsa, Baƙo kuwa ba ya ƙarya. Abin tausayin ke nan, don ban da wannan bai taɓa yin ko ɗaya ba. Duk ranar da ya yi banda, tarwadar da ta fi girma gidan Mairam take zuwa. In ruwa ya ci mata shinkafa, a rumbunsa take ɗiba. Shi ya aurar da yarinyar, Binta. Gari ya yi ta yabonsa da riƙon amana, kowane yabo kuwa kamar an soka masa ƙaya. Tsofaffin sojoji na cika baki a kasuwa, shi ko uffan. Mutane suka ce abin da ya gani a yaƙi ne ya ɗaure masa baki, alhali abin da ya faɗa a ƙofar gida ne.

A wata damina da kogi ya cika har ya shafe hanyoyi, ƙafafunsa suka kumbura, ya san tafiya ta zo. Ya aika aka kira Mairam da liman. Ta zo tana dogara sanda, ta zauna a bakin ƙofa.

"Mairam, Zarami ya rasu tun shekarar da muka tafi. A hannuna ya cika. Ya ce in faɗa miki, na kasa."

Ta ce, "An yi masa salla?"

"Ni kaɗai na yi masa."

"Allah ya ji ƙansa."

"Ki yafe mini."

Ta laluba sandarta ta miƙe. Liman ya bi ta waje yana cewa iddarta ta wuce tun da daɗewa, babu takaba a kanta. Ta ce, "Malam, ni yau mijina ya mutu."

Kwana uku Baƙo ya ƙara. Ko fura aka kawo ba ya sha, idonsa na kan ƙofa, da ya ji motsi sai ya tambaya ko ita ce. Ran Alhamis da hantsi ya cika. Gari ya taru, har masunta daga Baturiya suka zo a kwale-kwale, aka kai shi tudu inda ruwa bai kai ba. Mairam ba ta zo ba. Ta kwance kitso, ta cire awarwaro, tana cikin ɗakinta. Da aka tambayi Binta ina tsohuwa, sai ta ce mai takaba ba ta fita.